Ɗaukar Hoto da Kallon Ayyukan Fasaha a Zamanin Dijital

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da raba mutane gida biyu dangane da sanin abu, wato akwai ganau, akwai kuma jiyau. Ganau shi ne wanda abu ya faru a kan idonsa, jiyau kuwa labari ne ya iske shi. Shi ya sa idan gardama ta kaure a kan wani al'amari akan ce gani ya kori ji. To amma tun daga lokacin da aka ƙago na'urar ɗaukar hoto sai aka sami mutum na uku, wanda wannan rabo bai tanadar masa gurbi ba. Shi ne wanda bai je ba, amma ya gani. A yau kusan duk abin da ɗalibi ya sani game da mashahuran zane-zane da gine-gine da sassaƙe-sassaƙen duniya ta wannan hanya ya san shi, galibi a fuskar wayar hannu wadda faɗinta bai kai tafin hannu ba.

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda hoto ya sauya dangantakar ɗan Adam da ayyukan fasaha, musamman bayan da kyamara ta shige cikin waya. Dalilin kawo batun cikin kwas na Hausa a fili yake. Malamin da zai koyar da al'adu da sana'o'in gargajiya a firamare ko ƙaramar sakandare ba kullum zai iya kai yara marina ko maƙera ko gidan tarihi ba. Dole zai dogara da hoto a matsayin kayan aikin koyarwa. Idan bai san abin da hoto ke nunawa da abin da yake ɓoyewa ba, zai yaye ɗalibai masu zaton sun san abin da inuwarsa kawai suka gani.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Abin da ake nufi da aikin fasaha a nan shi ne duk abin da mutum ya ƙirƙira da gwaninta domin ya ƙayatar ko ya isar da wata ma'ana ta hanyar gani. Wannan ya haɗa da zanen fenti da sassaƙa da gini da ɗinki da saƙa da zayyanar allo da adon bango da na ƙwarya.

Hoton dijital kuwa shi ne wanda ba a buƙatar fim ko wanki kafin a gan shi. A cikin kyamarar akwai wani ɗan faranti mai jin haske, wanda yake karkasa abin da ke gabansa zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo miliyoyi, ya ba kowane ɗigo lambar da ke nuna launinsa da ƙarfin haskensa. Ke nan hoton dijital tarin lambobi ne. Wannan shi ne tushen duk abin da za a tattauna a gaba, domin lambobi ana iya kwafarsu sau dubu ba tare da sun dushe ba, ana iya aika su wata nahiya cikin ƙiftawar ido, ana kuma iya sauya su ba tare da an bar tabo ba.

2.0 Daga Ɗakin Duhu Zuwa Aljihu

Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara shi ne wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa wajajen 1826, kuma sai da farantin ya sha haske na sa'o'i masu yawa kafin siffar ta kama. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Louis Daguerre a birnin Paris. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ake sayar da ita ɗauke da fim na hoto 100. Idan ya ƙare sai a mayar da ita kamfani a wanke. Daga nan ɗaukar hoto ta fita daga hannun ƙwararru kaɗai.

Kyamarar dijital ta farko wani injiniyan kamfanin Kodak ne, Steven Sasson, ya harhaɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma tana cin daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset. Abin mamaki, fasahar da aka haifa a cikin kamfanin ita ce ta karya kasuwar fim, har ya kai ga bayyana karayar arziki a 2012. Wayoyi masu kyamara sun fara yaɗuwa a Japan wajajen 2000, iPhone ta fito a 2007, dandalin Instagram kuma a 2010.

Abin lura a wannan tarihi shi ne faɗuwar farashin hoto ɗaya. A zamanin fim, mai kyamara yana da hoto 24 ko 36 a nadi guda, kowanne da kuɗinsa, saboda haka sai ya tsaya ya duba, ya zaɓa, sannan ya danna. Wanda ya taɓa zuwa shagon mai hoto ranar Sallah ya san irin shirin da ake yi wa hoto ɗaya tak. Yanzu hoto na dubu bai fi na farko tsada ba. Abin da ya zama kyauta kuwa ba a cika yi masa dogon tunani ba.

3.0 Asali da Kwafi

Masanin da ya fi yin fice wajen nazarin wannan al'amari shi ne Bajamushe Walter Benjamin, a wata maƙala da ya rubuta a 1935 game da makomar aikin fasaha a zamanin da na'ura ke iya yaɗa kwafinsa. A ra'ayinsa, aikin fasaha na asali yana da wani abu da za a iya kira kwarjini, wanda ya samo asali daga kasancewarsa guda ɗaya, a wuri ɗaya, ɗauke da tarihin hannuwan da ya ratsa da shekarun da ya kwashe. Kwafi yana iya ɗauko siffa, amma ba ya iya ɗauko wannan kasancewa a nan da kuma yanzu. Ya yi hasashen cewa yawaitar kwafi za ta dusashe kwarjinin. Bai ɗauki hakan a matsayin asara zalla ba, domin yana ganin abin da a da ke kulle a fadoji da majami'u da gidajen attajirai zai iso ga talaka.

Zanen Mona Lisa ya dace a auna wannan hasashe da shi. Leonardo da Vinci ɗan Italiya ya fara shi wajajen 1503 a kan allon katako mai tsawon santimita 77 da faɗin 53, yana kuma ajiye a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris. Masana zane sun daɗe suna yaba shi, amma bai zama abin da kowa ya sani ba sai bayan da wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, ya sace shi a watan Agusta na 1911. Fiye da shekara biyu ana nemansa, jaridun duniya kuwa suna ta buga hotonsa, har aka gano shi a birnin Florence a ƙarshen 1913. Ke nan hoto yana cikin abubuwan da suka gina sunan zanen.

Da hasashen Benjamin ya tabbata yadda yake, da yanzu babu mai damuwa da zuwa ganin asalin, tunda kowa na iya sauke kwafinsa a waya. Akasin haka ne ya faru. A 2018 mutum miliyan 10.2 suka ziyarci Louvre, kuma kaso mai yawa daga cikinsu wannan zane ne ya kai su. Cunkoso ya yi tsanani har aka ƙayyade masu shiga zuwa 30,000 a rana, sannan a watan Janairu na 2025 shugaban Faransa ya ba da sanarwar za a ware wa zanen ɗaki nasa na kansa. Yawan kwafi ya ƙara wa asalin kwarjini.

Sai dai a duba abin da ke faruwa a cikin ɗakin. Mutum ya keto ƙasa da ƙasa, ya bi dogon layi, ya iso gaban zanen da ke bayan gilashi mai kauri da shinge. Yana da ɗan lokaci kaɗan kafin na baya su matsa. Abin da mafi yawa ke yi da wannan lokaci shi ne ɗaga waya, da yawa ma sai su juya wa zanen baya domin su ɗauki hoton nan na ɗauki-kanka. A bangon da ke fuskantar Mona Lisa kuma akwai zanen Paolo Veronese na bikin aure a Kana, wanda shi ne mafi girma a duk gidan, faɗinsa ya kusa mita 10. Jama'a na cika ɗakin maƙil, amma ƙalilan ne ke waiwayarsa, saboda ba shi suka saba gani a hoto ba. A nan ake ganin wani iko da hoto ya samu wanda ba a cika lura da shi ba: shi yake faɗa wa mutum abin da ya cancanci kallo tun kafin ya bar gida. Hoton da mai ziyara ya ɗauka ta saman kawunan mutane bai kai ingancin wanda ke intanet kyauta ba. Amfaninsa ɗaya ne, shaida ce cewa an je.

4.0 Abin da Hoto Ke Zubarwa

Abu na farko da hoto ke zubarwa shi ne girma. Marubucin Faransa André Malraux ya lura a 1947 cewa littafin hotuna ya zama wani irin gidan tarihi marar bango, inda ɗan ƙaramin tsabar kuɗi da ƙaton gunki suke fitowa kai ɗaya a shafi. Waya ta kai wannan matuƙa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da zoben azurfa duk girmansu ɗaya a fuskar waya. Yaron da aka nuna wa hoton raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous a arewacin Nijar ba zai san cewa babban ya haura mita biyar ba, sai an faɗa masa, ko an auna masa tsawon a filin makaranta.

Na biyu shi ne jiki. A ɗauki babbar riga mai aska takwas, ta saƙi, wadda ta sha baba a marina, ta kuma sha bugu da shuni. Hoto zai nuna fasalin askar da tambarin da ke ƙirji da na baya. Ba zai nuna nauyinta a kafaɗa ba, ko ƙamshin shuni, ko yadda zaren ɗinkin ya taso sama da ƙyallen har yatsa na jin tudunsa. Ƙyallin bugu kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana tafiya ne tare da motsin mai rigar, ya yi baƙi a nan, ya yi ja-ja a can, gwargwadon inda rana take. Kyamara na kama ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki ta daskarar da ita, mai kallo kuma ya ɗauka launin rigar ke nan. Bugu da ƙari, maɗinkin bai yi aikin don a shimfiɗa ko a rataye ba. Ya yi ne don a sa, a naɗe hannuwan bisa kafaɗa, a yi taku da ita. Hatta gidan tarihi da ya rataye ta a bayan gilashi ya rage mata wani abu, balle hoton abin da aka rataye.

Launi ma ba amintacce ba ne. Wayoyin zamani ba sa miƙa abin da suka gani yadda yake. Manhajar da ke ciki takan haɗa hotuna da dama cikin ɗaya, ta ƙara haske a inuwa, ta ƙarfafa launi domin ya burge. Sannan kowace fuskar waya da yadda take nuna launi. Zanen fenti yana karɓar haske ne daga waje ya mayar, fuskar waya kuwa ita ke fitar da haske, shi ya sa wanda ya saba da zane a waya yakan ga asalin ya yi masa duhu-duhu, har ya ji kamar an rage masa wani abu.

Na uku shi ne wuri da lokaci. Gini ba a ganinsa a tsaye cik. Wanda ya shiga tsohon soro mai ɗaurin guga yakan fito daga zafin rana ya faɗa cikin sanyi da duhu, idonsa ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya fara rarrabe bakan gizo da jeren azara a sama, muryarsa ma ta sauya amo. Magini ya san da wannan duka, da shi ya yi aiki. Haka abin yake ga hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Hotunansa suna da kyau ƙwarai: rawani da alkyabba da lifidi da adon doki. Amma hawa ya ƙunshi jira tun hantsi, da ƙura, da amon kakaki da tambari da algaita, da tashin bindiga, da yadda ƙasa ke girgiza lokacin jahi. Mai hoto yakan kuma yanke duk abin da bai yi masa kyau ba, ya bar mahayi shi kaɗai kamar babu 'yan kallo, alhali taron jama'ar yana cikin abin da ake kira hawa.

5.0 Kyamara a Hannun Mai Kallo

Tambaya ta gaba ita ce ko ɗaukar hoton na cutar da kallon shi kansa. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka ta zagaya da ɗalibai gidan tarihin jami'ar, ta umarce su su kalli wasu kayayyaki kawai, wasu kuma su ɗauke su hoto. Washegari aka gwada abin da suka riƙe. Sakamakon da ta wallafa a ƙarshen 2013 ya nuna sun fi mance kayayyakin da suka ɗauka hoto, sun kuma fi rasa bayanan siffarsu. Bayanin da ta bayar shi ne mutum yakan danƙa wa kyamara amanar tunawa, sai hankalinsa ya saki abin. Amma akwai kashi na biyu na binciken wanda ya fi muhimmanci ga malami. Da aka ce ɗaliban su matso da wani sashe na abin kafin su ɗauka, sai mantuwar ta kau, har suka riƙa tuna sassan da ba su shiga hoton ba. Neman sashen yana tilasta wa ido ya bi abin duka.

Wasu masu bincike, Kristin Diehl da Gal Zauberman da Alixandra Barasch, sun gano a 2016 cewa ɗaukar hoto na iya ƙara wa mutum jin daɗin abin da yake ciki, domin tana sa ya ƙara dulmiya cikinsa. A binciken da suka yi daga baya kuma sun nuna cewa mai ɗaukar hoto yakan fi tuna abin da ya gani amma ya kasa tuna abin da ya ji ana faɗa, kuma wanda ya ɗauka da niyyar watsawa ga jama'a ba ya jin daɗi kamar wanda ya ɗauka don ajiye wa kansa, saboda hankalinsa ya koma kan yadda za a karɓi hoton. Idan aka haɗa waɗannan sakamako, za a ga laifin bai rataya a wuyan kyamara ita kaɗai ba. Niyya da yanayin ɗaukar su ne ma'auni.

Bai kamata kuma a ɗora wa waya alhakin gaggawar da ta riga ta zuwa ba. Wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka wallafa a 2001, kafin wayoyi masu kyamara su yaɗu, ya nuna masu ziyarar gidan tarihi na Metropolitan a New York suna tsayawa kimanin daƙiƙa 27 ne a gaban mashahurin zane. Da aka maimaita binciken a Chicago aka wallafa a 2017, sai aka sami kimanin daƙiƙa 29. Tsawon tsayuwar bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu wani kaso na wannan ɗan lokaci yana tafiya wajen ɗaukar hoto.

Gidajen tarihi kansu ba su yi ittifaƙi ba. An hana ɗaukar hoto a majami'ar Sistine ta fadar Vatican. Gidan tarihi na Reina Sofía a Madrid ya daɗe da hana ɗaukar zanen Guernica na Picasso, sai a 2023 ya ɗage haramcin. Shi kuwa Rijksmuseum na Amsterdam wata dabara ya ɓullo da ita a 2015: bai hana kyamara ba, amma ya riƙa ba masu ziyara takarda da fensir yana kwaɗaitar da su su zana abin da suke kallo, ko da ba su iya zane ba.

6.0 Abin da Hoto Ya Ceto

Rashin adalci ne a tsaya ga illa kawai. Akwai abin da hoto ke nunawa wanda ido ba ya iya gani. A 2022 Rijksmuseum ya fitar da hoton zanen Rembrandt na 1642 da aka fi sani da Sintirin Dare, wanda aka harhaɗa daga hotuna sama da 8,000, mai ɗigo biliyan 717. Mai kwamfuta a ko'ina yana iya matso da shi har ya ga sawun burushi da tsagewar fenti, abin da wanda ke tsaye a gaban zanen ba zai gani ba.

Akwai kuma tattara abin da ya warwatse. Kayan tagulla da na hauren giwa da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897 sun bazu a duniya. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe rumbun Digital Benin, wanda ya haɗa hotuna da bayanan kayayyaki 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. A karo na farko aka iya ganin yawan abin da aka ɗebe a wuri guda. Sai dai a nan ma akwai abin lura, domin hoto ba ya zama madadin mayar da kaya ga masu shi, kuma wanda ke riƙe da asalin shi ke yanke yadda za a ɗauka da bayanin da za a rubuta a ƙasa.

Mafi girman amfanin hoto yana bayyana ne idan asalin ya salwanta. Lokacin da gobara ta cinye babban gidan tarihin Brazil a birnin Rio de Janeiro a watan Satumba na 2018, sai aka yi kira ga duk wanda ya taɓa ziyara ya aiko da hotunansa. Hotunan yawon buɗe ido da ake rainawa suka shiga cikin shaidar abin da ya ƙone. Misali na kusa shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin rabin farko na ƙarni na 19. An sauya fasalinsa da ginin siminti a shekarun 1970, sannan a watan Agusta na 2023 wani sashe ya rufta, aka rasa rayuka. Wanda yake son sanin yadda ginin yake tun asali dole ya koma ga hotuna da awon da masana suka yi, irin su Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Poland, wanda aikinsa ya kai ga gina kwatankwacin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Ginin ƙasa da adon bango da ake shafewa a sabunta suna cikin abubuwan da suka fi buƙatar kyamara, domin damina ba ta jira.

Shi kansa hoton dijital ba dawwamamme ba ne. Hoton takarda na iya kwana shekara hamsin a cikin adaka, amma dubban hotuna kan tafi rana ɗaya idan an sace waya ko katin ajiya ya lalace.

7.0 Hoton da Ba a Ɗauka Ba

Tun farkonsa an yarda da hoto ne saboda ana ganin haske ne ya zana shi, ba hannun mutum ba. Ƙirƙirarriyar basira ta raunana wannan yarda. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar ɗaukar hoto ta duniya ta Sony, sai ya ƙi karɓa, yana mai bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton, babu kyamarar da ta ɗauke shi. Abin da wannan ke nufi ga mai koyar da al'ada shi ne hoton da ya samo a intanet da sunan tsohuwar kasuwa ko gidan sarauta yana iya zama na wurin da bai taɓa wanzuwa ba, mai rawani da ba a naɗa shi haka a ko'ina.

8.0 Malami da Hoto a Cikin Aji

Kafin malami ya shiga aji da hoto, wajibi ne ya san wanda ya ɗauke shi, da wurin, da lokacin. Idan bai sami ko ɗaya daga ciki ba, gara ya nemi wani daga shafin gidan tarihi ko jami'a ko littafi sananne. Idan ya nuna, ya faɗi girman abin da ma'aunin da yara suka sani, kamar taku ko kamu ko tsawon ƙofar aji. Kuma duk abin da za a iya kawowa aji a zahiri, kamar ƙwarya mai zane ko hula ko faifai ko allon zayyana, kada a wakilta shi da hoto. A ajiye abin da hotonsa gefe da gefe, a bar ɗalibai su faɗi da bakinsu abin da ke cikin ɗaya wanda babu a ɗayan. Wannan darasin al'ada ne, kuma darasin harshe ne, domin yaro zai nemi kalmomin kaushi da santsi da nauyi da ƙyalli da ƙamshi.

Haƙurin kallo ma abu ne da ake koyarwa. Jennifer Roberts, malamar tarihin fasaha a Jami'ar Harvard, takan umarci ɗalibanta su zauna sa'a uku a gaban zane ɗaya kafin su fara rubutu a kansa. Ba a buƙatar sa'a uku ga ɗan aji huɗu. Minti biyar na shiru a gaban hula ɗaya, sannan kowa ya zana abin da ya gani, ya isa ya nuna wa yara cewa akwai abin da ido ba ya kamawa a duban farko.

Idan an fita ziyarar gani da ido, hana waya gaba ɗaya ba shi ne mafita ba, musamman ga manyan ɗalibai. Abin da ya fi dacewa shi ne a jinkirta ta, a kuma taƙaita ta. A fara da kallo da sauraron mai sana'a wayoyi na aljihu, tunda an ga mai ɗaukar hoto yakan rasa abin da ake faɗa. Bayan haka a ba kowane ɗalibi izinin hoto uku kacal, ɗaya na abin gaba ɗaya, biyu na sassan da shi ya zaɓa, da sharaɗin zai bayyana wa aji dalilin zaɓinsa. A kuma koya musu neman izini kafin su ɗaga waya a kan mutum ko aikinsa ko cikin gidansa. Marini ko maɗinki yana da haƙƙin ya ƙi, idan kuma ya yarda, a rubuta sunansa da garinsa da ranar a ƙarƙashin hoton kafin a manna shi a bangon aji.